Mahaucin da ya karanta hoton hanjinsa

Har gobe ban manta da ranar da Baba Ɗan'ige, wani dattijon mahauci daga Zurmi, ya koya mini aikina ba. Lokacin ina ma'aikacin jinya a Ƙaura Namoda, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha.

Wata biyu yana fama da murɗar ciki da amai, abin ya lafa ya dawo. Mun ba shi maganin tsutsa, mun ba shi na gyambon ciki, shiru. Sai likitanmu ya rubuta takarda a kai shi babban asibiti a birni, aka ce in raka shi.

Can aka sa shi a na'urar siti, wadda ke ɗaukar hoton cikin mutum yanki-yanki. Ashe hanji ne ya shige cikin hanji. Galibi ciwon yara ne; in ya sami babba, yawanci wani tsiro ne ke janyo shi, kuma sai tiyata, in ba haka ba hanjin ya ruɓe.

Baba ya ce atafau. "Shekara arba'in ina farke cikin dabba, ban ga wadda ta tashi ba. Ku maishe ni gida."

Na yi lallashi, na yi barazana, har na fusata. Shi kuwa ƙullin kayansa yake ɗaurewa. Da dabara ta ƙare mini, sai na ɗaga hoton a haske don in nuna wa ƙanensa da ya biyo mu. Baba ya leƙo, ya ga zobe cikin zobe.

"Tsaya, ɗana. Wanga a gicciye anka yanka shi?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Kai! Na san shi. Na taɓa gani ga rago. Hanji ya haɗiye ɗan'uwansa, wurin ya yi baƙi ƙirin. Babu jiƙon da ke warware wanga." Sai ya kwance ƙullin. "Gaya wa likita ya yanke sama da baƙin kaɗan, inda nama ke da rai."

Wallahi sai da na yi ƙwalla. Aka yi aiki, aka cire tsiron, Allah Ya sa ba mugu ba ne.

Don haka nake gaya muku, ku sababbin ma'aikatan jinya: kafin ku cika marar lafiya da surutu, ku tambayi sana'arsa, ku nuna masa abin da kuka gani. Baba ya ƙara shekara tara a duniya. Duk ranar da na bi ta Zurmi sai ya ƙunsa mini tsire, yana gaya wa jama'a, "Ga abokin sana'ata. Su dai nasu na tashi."