Birkhaman, Mabushi Mai Taɓo A Ƙafa

Tun kafin hantsi za ka tarar da Birkhaman Pariyar a bakin shagon ɗinkinsa a Pokhara, shayinsa na hucewa a gefe, yana goge ƙahonin tagulla da toka da lemun tsami. Keken ɗinki sai dai ya jira. Da la'asar ya tara 'yan badujalar gari, ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe: "Kai mai ganga, ɓarawo ka kama ne? Kiɗa na ce!"

Da ya karɓi ƙungiyar nan, ban da taken fareti ba su iya komai ba. Shi ya bi ƙasar Nepal a ƙafa, ya ɗebo waƙar masuntan kudu da ta makiyayan kan dutse, ya raba wa kowane ƙaho muryarsa. Amma wadda ta gasa masa aya a hannu ita ce waƙar dashen shinkafa ta wani ƙauye a Lamjung. Samari duk sun tafi ci-rani, mutum ɗaya ta rage da ita a ka, wata tsohuwa Junmaya. In ta mutu, shi ke nan.

"Inna, rera min ko baiti ɗaya," in ji shi.

"Da rani? Kanka ɗaya kuwa? Ba a yin ta sai ƙafa na cikin taɓo. Dawo watan Asar, lokacin dashe, in kana da ƙugu."

Ya dawo kuwa, da ciwon gwiwarsa da komai, ya sunkuya cikin mata suna ta yi masa tsiya. Kafin ta sake masa waƙar sai da ta rantsar da shi: ba zai busa ta ba sai lokacin dashe.

Da sanyi ya kama, shugaban kwamitin biki ya nemi Guruji, wato malam kamar yadda ake kiransa, ya busa wa manyan baƙi ita. "Haba Guruji, wa zai sani? Tsohuwa tana can bayan duwatsu."

"Ni zan sani."

Aka hana su dandali, yaransa suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Har gobe abin yana min ciwo. Kai ne ba ka tanƙwaru ba, Guruji, mai alkawari ɗaya! Ka koma kan keke, ka ci gaba da koyar da waɗanda suka rage, har masu fushi suka gaji suka nemo ka.

A Asar ɗin bana ya yi busar ban kwana. Mutanen ƙauye suka goyo Junmaya cikin kwando har zaure. Ana fara waƙar ta daka tsawa: "Kun cika sauri! Wa zai yi dashe haka bai karye ba?" Zaure ya kwashe da dariya. Birkhaman ya sassauta hannu, ƙahoni suka bi shi a hankali. Sai tsohuwa ta sunkuya, hannunta na dasa iri a iska, matan da suka bar gona tun suna 'yan mata suka amsa mata daga kujeru. Wallahi na yi hawaye.

Mun gode, Guruji, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma masu tasowa, duk wanda yake son waƙar mutane, ya tuɓe takalmi ya shiga taɓonsu, ya riƙe abin da suka rantsar da shi. Da aka tashi, Junmaya ta kama hannunsa ta ce, "To ɗan nan, yanzu ko na mutu, ba da waƙar za a ƙone gawata ba."