Sunan da kurame suka raɗa mini a Madina

Shekara ashirin da shida na yi ina sauka ramin uranium a Arlit, kuma a can na baro kunnuwana. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Ana ba mu abin toshe kunne, ni ne nake cire shi in cusa a aljihu saboda zufa, ina cika baki cewa ƙarar inji ba ta kashe kunnen mutumin Adar. Da aka rufe ramin aka sallame mu, abokan aikina suka ɗaure kaya, wannan ya yi Maradi, wancan ya koma Tawa. Ni na zauna, don a nan aka binne matata, kuma ƴata tana aure a bayan kasuwa. Kafin shekara biyu na daina jin ko kiran salla. Sai na ga maƙwabcina ya fito da buta nake sanin lokaci ya yi.

Da farko ina zuwa majalisar mai shayi. Mutane sukan ɗaga murya saboda ni, su maimaita sau biyu, a na uku su ce bar shi kawai. Sai na koyi gyaɗa kai, in na ga ana dariya ni ma in yi. Ran nan na ga wani ya buɗe baki yana kaɗa hannu, na ƙyalƙyale da dariya, ashe rasuwar ƙanensa yake faɗa. Tun daga ranar ban sake zama wurin ba, kuma babu wanda ya zo ya tambaye ni dalili.

Ƴata ce ta kawo maganar tafiyar. Ta rubuta mini a salularta cewa wata ƙungiyar kurame a Yamai tana shirya Umara, da jagora mai iya maganar hannu, kuma ta riga ta sa sunana. Raina ya ɓaci sosai.

"Ni za ki haɗa da bebaye? Ni da bakina?" na ce mata.

Sai ta rubuta: "Baba, to da wa kake magana da bakin?"

Na kwana biyu ban gaishe ta ba. A rana ta uku na ce ta kawo takardun.

Mu goma sha huɗu ne, ban da jagora. Jagoranmu mutum ne mai kamar shekara arba'in, yana ji garau, amma uwa da uba duk kurame suka haife shi, don haka hannunsa ya riga bakinsa iya magana. Tun a filin jirgi ya ba kowa kati mai igiya, an rubuta sunan otel da cewa mai wannan kati kurma ne. Yana riƙe da laima ruwan ɗorawa, ita ake bi. Kowa yana da abokin tafiya wanda ba ya gusawa sai ya taɓa kafaɗarsa. A kowace ƙofa jagora yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗa yana ƙirgawa, in ba mu cika ba babu mai ɗaga ƙafa. Ya rubuta mini dalili a takarda: wanda ya ɓace a cikinmu ba a iya ƙwala masa kira.

Abokin da aka ba ni wani tsohon tela ne daga Damagaram, ɗan ƙanƙani, kurma tun haihuwa. Tun a jirgi ya himmatu zai koya mini. Ya nuna ruwa ya yi alamarsa, ya nuna abinci ya yi alamarsa, yana jira in kwaikwaya. Ni kuwa sai in zuba hannuwana a aljihu in kalli taga. Katin ma na cire shi na tura ƙarƙashin matashi a otel. In muna tafiya nakan ja baya taku uku, don kada a ɗauka tare muke.

Ban taɓa ganin mutane masu surutu irin waɗannan ba. Daga wannan ƙarshen kar, wato bas ɗinmu, zuwa wancan suna hira, ta bayan gilashi suna hira, baki cike da shinkafa suna hira. Wata dattijuwa daga Dosso takan yi dariya har hawaye su zubo mata. Ni ina zaune a tsakiyarsu kamar buhun gero. A Arlit ina ganin kaɗaicina ya kai ƙarshe, sai ga wanda ya fi shi, don a nan kowa yana da abokin magana sai ni mai baki.

Muka yi Umara lafiya, muka wuce Madina. An ba ƙungiyarmu lokacin shiga Rauda a masallacin Annabi bayan la'asar, rana ɗaya tak. Dattijuwar nan tun daga Yamai take zancen wannan rana, ko ni da ban iya hannu ba na gane haka, don kullum sai ta ƙirga sauran kwanakin da yatsu ta dafa ƙirji.

Ranar, bayan azahar, sai na ga akwai sauran lokaci, bari in je in saya wa ƴata turare. Na san dokar sarai. Amma na ce a raina dokar ta marasa baki ce, ni in na ɓace sai in yi tambaya. Tela yana ɗaura takalmi na sulale, ban taɓa kafaɗarsa ba.

Na sayi turaren, na juyo, sai ƙofofin masallaci suka zama iri ɗaya duka. Na yi tambaya da Faransanci, aka kalle ni. Can na ji sanyi a raina da na hango wani da hula irin ta Kano. Na yi masa sallama na faɗi damuwata, bawan Allah ya tsaya ya yi mini bayani mai tsawo, yana nuna nan yana nuna can, ga takunkumi a bakinsa. Ko kalma ɗaya ban samu ba. Maimakon in ce masa ba na ji, sai na gyaɗa kai na yi godiya, yadda na saba a majalisar mai shayi. Na bi inda hannunsa ya nuna na ƙarshe, na ƙara nisa.

Aka yi la'asar na bi sahu a inda na tsinci kaina. Bayan salla na sake zagayawa har ƙafafuna suka ƙi. Na zauna gindin wani ginshiƙi da kwalbar turare a hannu, mutane suna wucewa ta kowane gefe, bakinsu yana motsi. Tsoro ya kama ni, kuma na yi kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da dutse ya karya mini ƙafa a rami.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da aka damƙi kafaɗata ta baya. Tela ne, jagora yana biye da shi yana haki. Daga baya jagora ya gaya mini a rubuce cewa tsohon bai duba fuskar kowa ba, bayan riguna yake bi da ido, har ya gane ɗinkin wuyan rigata, wanda ya daɗe yana ganin an karkata shi. Telan bai yi mini faɗa ba. Ya kama gefen rigata kawai ya riƙe, bai saki ba har muka isa.

A bakin ƙofar na tarar da sauran goma sha biyun zaune a ƙasa, laima ruwan ɗorawa a hannun dattijuwar. Na tambayi jagora da ƙarfi ko sun shiga sun fito ne. Ya rubuta: "Lokacinmu ya wuce. Na ce su shiga da wani, sun ƙi. Sun ce ba mu cika ba."

A nan gabana ya faɗi, don na san wannan dokar tun jagora yana yaro. A bakin raminmu akwai allo mai ƙusoshi. Kowane ma'aikaci yana da ɗan ƙarfe mai lamba, muna ce masa jeto. In za ka sauka ka rataye naka, in ka fito ka cire. Muddin jeto ɗaya ya rage a allo, ba a tayar da nakiya, kar ɗin ma'aikata kuma ba ya tashi, ko da yunwa za ta kashe kowa. Ni da kaina na taɓa wanke wani sabon ma'aikaci tas a gaban jama'a don ya tafi gida bai cire nasa ba, ya sa muka koma ƙasa nemansa.

Ina so in ba su haƙuri, bakina kuma ba shi da amfani a wurin. Sai na fitar da hannuwana daga aljihu. Na dunƙula hannu a goshi na buɗe yatsu, fitilar hular rami ke nan. Na nuna saukowa ƙasa, na nuna rataye jeto, na nuna mutane tsaye suna jira, sannan na nuna kaina na buga ƙirji. Na san shirme nake yi. Amma ido ashirin da shida na kuramen nan suna kaina, babu wanda ya kau da kai, babu wanda ya ce bar shi kawai. Da na gama, dattijuwar ta ɗaga hannu ta dunƙula a goshinta ta buɗe yatsu, ta nuna ni. Sauran suka yi haka ɗaya bayan ɗaya. Jagora ya rubuta mini cewa sunana ke nan daga yau.

Kwana uku suka rage, kwana tara na riga na ɓarnatar. Na manne wa tela, na koyi alamar ruwa da ta gajiya da ta gobe da ta ƙarya kake. Na koyi sunansa, wato a ja zare a cije da haƙori. Ba mu sake samun lokacin Rauda ba. Dattijuwar ba ta taɓa nuna mini komai a fuska ba, har dabino ta ba ni a jirgi, kuma wannan abin yana damuna har yau.

A tashar Yamai muka rabu, kowa ya hau kar ɗin garinsu. Ni kaɗai ne na arewa.

Da na iso Arlit na nuna wa ƴata sunan. Ta yi dariya ta kwaikwaya, ta yi kwana biyu tana yi, sannan hidimar gida ta ɗauke mata hankali ta koma rubutu a salula. Ban ga laifinta ba. Katin nan yanzu yana wuyana ko kasuwa zan je, ƴan kabu-kabu ma sun saba, sai su nuna mini kujera da hannu.

Tela yakan kira ni ta bidiyo ranar Juma'a bayan la'asar. Rezo, wato sabis ɗin waya, a unguwarmu sai a hankali, maganar hannu kuma ba ta jure tsinkewar hoto. Juma'ar da ta wuce na zauna a zaure tun kafin lokaci. Ya bayyana da hularsa a karkace, ya ɗaga hannu ya dunƙula a goshi, sai hoton ya daskare kafin ya buɗe yatsun. Na ja zare na cije, na sake yi, ko da yake na san ba ya gani. Na riƙe salular ina jira ya ƙarasa kirana har batir ya mutu.