Kushewar Kakana a Gonar Tsibiri

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Sabon Gari a Maraɗi, ni da gwaggona, a bayan wata tsohuwar akori-kura mai tari kamar mashayin taba. Gwaggo ta tsufa, ido ya fara gaza mata, burinta ɗaya kafin ta cika: ta tsaya kan kushewar mahaifinta. Yana cikin waɗanda jirgin fito ya kife da su a Gulbin Maraɗi shekarar babbar ambaliya, lokacin tana yarinya.

A shingen bakin gari soja ya juya takarduna, ya kwance ƙullin Gwaggo, ya ga garin rogo ne, ya ce mu wuce. Na ga ya haɗiye yawu. Bana babu mai raina garin rogo.

Jiratawa muka nufa, tunda can jirgin ya kife. Gulbin da ya ci mutane yanzu rairayi ne zalla, mata na tonon ruwa da ƙwarya a tsakiyarsa. Muka sha yawo a maƙabarta har azahar, a banza. Wani tsohon mafito ne ya yi mana dariya.

"Ku mutanen birni! Wanda ruwa ya ci ba a kai shi gida. Inda ruwa ya aje shi, nan aka rufe shi. Ku bi gulbi har Tsibiri."

Kuɗin mota ya kusa cinye guzurinmu, amma da la'asar mun isa. Aka nuna mana wata gona a bakin gulbi, geronta ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Daga gangare kuwa, inda ɗan damshi ya rage, inda kowa zai so ya shuka, an bar wurin fili, an kewaye da ƙaya.

"Su tara na nan," in ji mai gonar. "Ubana ya rufe su, bai san sunan ko guda ba. Ya ce kar hauya ta taɓa wurin."

Na ce ko bana, da yunwar nan? Ya dube ni kamar na zage shi.

"Baƙinmu na, Malam."

Gwaggo ba ta tambayi wacce ce ta mahaifinta ba. Ta durƙusa ta yi wa duka addu'a. Ni da na zo rakiya kawai, kuka ya ƙwace mini.

Bayan magariba muka shigo Maraɗi. Shekara da shekaru muna jimamin kakana yana kwance inda ba shi da kowa. Ashe yana da mutane, mu ne dai ba mu je ba.