Zauren da Muka Ba Masu Allura

Ni ba mai yawo ba ce. Ko kasuwar Hunkuyi sai in daɗe ban leƙa ba, amma duk maganar da ta ratsa ƙauyenmu sai ta biyo ta tsakar gidana. Shi ya sa da masu rigakafi suka zo neman wurin yi wa yara allura, mai unguwa ya turo su wajena.

Malamar asibitin yarinya ce mai fara'a, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Inna, an ce mata ba sa ƙetare maganarki. Zaurenku muke so, da kuma bakinki."

Zauren nan kuwa, nan maigida yake cin tuwo da abokansa tun ina amarya, kuma matan aure ba za su shigo ba muddin maza na zaune. Na yi ta lallashi har ya naɗe buzunsa ya koma gindin mangwaro, yana mita: "Tsohuwa, yau ni aka kora saboda firji?"

Aka shafe bango da fenti, aka kafa sola a kan rufi, aka kawo firjin ajiye allura. Ɗan ƙanin maigida, wanda na goya da bayana, shi aka ba shugabancin kwamitin gari. Ni kuma na yafa mayafi na shiga gida-gida. Jikata na fara miƙawa a gaban kowa, don a gani.

Wadda ta fi ba ni wuya wata Bafulatana ce mai kawo mana nono. Ƙyanda ta taɓa ɗauke mata ɗa, ga jaririya a baya. Ta ce, "Inna, in an fara mata, za a ƙarasa?" Na ce, "Ni na tsaya miki. Duk ranar allura ki zo, kina samun su a nan."

Ana nan sai ga manyan baƙi da motoci, aka yi hotuna, har da ni a tsakiya. Ba a jima ba yaron nan shugaban kwamiti ya zo da amalanke, wai za a kai firji Makarfi gyara. Malama kuma aka mai da ita Ikara, ko sallama babu.

Bafulatanar ba ta fasa zuwa ba. Ta ratso gonakin rake da goyo, ta zauna a zaure, ni kuma in ce mata, "Ki ƙara haƙuri, firjin yana hanya." Har ranar da ta shigo ba ta sauke ƙwaryarta ba.

"Inna, firjinki ya warke. Yana shagon ɗanku a bakin titi, zoɓo yake sanyayawa."

Da na kira shi, ko kunya. "Haba Inna, aikin ai ya ƙare. A bar shi ya yi tsatsa?"

Ita da ƙafarta ta kai 'yarta Hunkuyi aka ƙarasa mata. Nono kuwa, yanzu maƙwabta take kai wa. Tana gaishe ni, amma daga waje.

Bana wasu sababbi suka zo, su ma da durƙusonsu, wai in zaga musu gidaje. Na ce allura ba ta yi mini laifi ba, ga jikokina, a yi musu. Amma bakina, na riga na ba da shi sau ɗaya, ba a dawo mini da shi ba.