Ƙofar Kumbo da Filafilin Sahabi

Da damunar bana shekara biyar ke nan da kogi ya tafi da Sahabi, ɗan kawuna kuma taubashina, matuƙin kwale-kwalen da ke ƙetarar da 'yan kasuwa daga wajen Kaoje zuwa tsallake. Duk shekara ina yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa yin shirun.

Wani shiri mai dogon zango ne ya haɗa mu musu, irin na fassara da ake tura wa mutane a waya a kasuwar Bagudo. Duniya ce ta lalace, aka ƙera kumbo zai kwashe mutane zuwa wata duniyar. A kashi na ƙarshe kumbon ya cika, sai kyaftin ɗin, wata mace, ta rufe ƙofa ta bar jama'a a waje suna bugu, don kada nauyi ya hallaka kowa. Majalisarmu ta teburin mai shayi ta rabu biyu, aka yi mako ana cacar baki. Ni malamin firamare ne, kuma Allah ya yi ni da son cin gardama. Na ce matar ta yi daidai, lissafi ne kawai. Sahabi ya ce ko kusa, matuƙin kirki yana sauke kaya ya dawo, ba ya barin mutum a gaɓa. Tun ranar nake kiransa Kyaftin, yana dariya, don taubashi ba ya fushi da taubashi.

Bayan wata biyu ambaliya ta shanye fadamar shinkafa. Tun hantsi Sahabi yake kwaso mutane daga rugagen da ruwa ya yi wa ƙawanya, har la'asar bai sa komai a ciki ba. A sawu na ƙarshe jirgin ya cika fal, ya bar maza uku a kan wani tudu, ya ce musu su jira jirgin inji, yana hanya. Shawara ce mai kyau, kowa a gaɓa ya san haka. Ya sauka ya zauna a kan wani buhu. Ni da ban taɓa riƙe filafili ba na matso da bakina.

"Kyaftin, ashe kai ma ka iya rufe ƙofa?"

"Mi kac ce, Bello?"

Na maimaita, har ina dariya. Ya dube ni, bai yi dariya ba. Ya ɗauki filafilinsa ya koma. Jirgin inji ya kwaso mutanen nan uku kafin rana ta faɗi, lafiyarsu ƙalau. Sahabi kuwa bai kai tudun ba. Washegari masunta suka tsinci kwale-kwalen a kife, kwana biyu bayan nan aka same shi can ƙasa, inda ruwa ya kai shi.

Yau musun ya koma waya. Matasa sun buɗe zaure suna ta jefa ƙuri'a, wasu na tsine wa kyaftin, wasu na yaba mata, daga kan katifa. Sun sa ni ciki don sun ji na san shirin. Ban taɓa rubuta ko harafi ba. Nakan tambayi kaina me Sahabi zai ce da su. Ina jin zai ce su fara ɗaukar mutum goma a jirgin mutum takwas, sannan su zo a yi magana. Wataƙila ma ya yi wa matar uzuri, tunda shi ma ya ɗanɗana ranarta.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma magana zarar bunu ce, kuma ni na zare ta. Mutanen gari sun ce jarumtaka ta mayar da shi ruwa, har 'ya'yan mutanen nan uku suna gaishe da gidansa kowace sallah. Jarumin ne, wannan ba ƙarya. Waɗanda ya kwashe tun hantsi suna nan suna noma, suna haihuwa.

Filafilinsa na biyu yana jingine a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hajo. Duk Juma'a ina zuwa gaishe ta, ta sa mini albarka, ta ce ni kaɗai na riƙe zumuncin Sahabi. Ba ta karatun boko, amma jikarta na karanta mata jarida, kuma a jarida wannan rubutu zai fito. Inna, ya riga ya zauna. Ni na tashe shi.