Damin 'Yan Dawa

Ana idar da sallar asuba muka bar Katsina, ni da wani abokin aikina malamin lissafi, a bayan wata tsohuwar lori mai zuwa ɗaukar gyaɗa Jibiya. Direba ya karɓi sule ɗaiɗai kuɗin mota, ya ɗora mu bisa tulin buhunan wofi, ya ce mun samu katifa kyauta. Kafin hantsi katifar nan ta nuna mana halinta, don ƙuma ne fal a ciki.

'Yan'uwa malamai, ga abin da ya tashe ni. Akwai wani littafin yara na Turanci da nake fassara wa ajina da baki duk ranar Alhamis. Labarin wasu iyalai ne a Amirka da suka loda kayansu a keken doki mai rumfa, suka nausa yamma, suka sari daji, suka kafa gari inda aka ce babu kowa. Yara sun so shi har ba sa jin ƙararrawar tashi. Ni kuwa baki ya ɗebe ni, na ce musu kakana ma ya yi haka, da jakuna, a dajin da ke bayan Jibiya. A gidanmu kullum cewa ake Kaka ya kori 'yan dawa da wuta kafin ya kafa tungarsa. Kowa ya san 'yan dawa aljanun jeji ne. Na yi wa yara alkawarin rubuta musu labarin a ɗan littafi na Hausa, da sunan Kaka a bango, har na zana aljani mai ƙaho yana gudu. Abin da ya rage in ga wurin da idona.

Mun iske Jibiya ranar kasuwa, ba masaka tsinke. Ga raƙuma da gishiri, ga Maraɗawa da shuɗɗan riguna suna ciniki da kuɗin Faransa, mai awo na lissafi iri biyu a kai ɗaya. Abokina ya tsaya gwada shi, ya dawo yana cewa an fi shi. Muka ci tuwon gero da miyar kuka mai yajin da ya sa na yi hawaye, mai tuwon tana kallona tana cewa 'yan birni ba su da harshe.

Daga nan a ƙasa muka taka, muka ratsa yashin gulbi, la'asar ta yi mana a tungar Kaka. Gari ne sosai yanzu, da masallaci da rijiya da rumbuna jere. Na ji daɗi har ƙirjina ya buɗe. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce babba a gidan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce boko ya tsotse ni, ta sa aka dama mana fura.

Da safe na ga ana ɗora wa jaki dami guda na sabon gero, wanda ya fi kowane kyau a girbin bana. Na tambaya, aka ce damin 'yan dawa ne, kowace shekara sai an kai musu kafin a sa ko zangarniya a rumbu. Gidan da aka kafa da sallah, a ce ana kai wa aljanu hatsi? Na gyara murya na fara yi wa Gwaggo wa'azi a tsakar gidanta. Ta bari na gama tsaf.

"Malam, tunda kai ka san su, bi jakin ka hwaɗa musu da bakinka," in ji ta.

Muka bi jakin tare da wani ɗan baffana. Na zaci gindin wata tsamiya za a kai mu. Sai na ga mun miƙe arewa, har bakin iyaka. A can wani jandarma mai gajeren wando yana zaune a rumfar duwan, wato kwastan Faransa, ya tare mu da Faransanci. Abokina ya amsa da Turanci, aka rasa mai jin wani, sai duka suka koma Hausa. Ashe mutumin Tasawa ne. Da ya ga damin ko taɓawa bai yi ba, ya ce wannan al'adar ta riga shi zuwa wurin nan, mu wuce.

Bayan ɗan tafiya muka isa wani ƙauye mai bukkoki kaɗan a kan jigawa, ƙasar duk yashi, geronsu gajere. Mata na sussuka, awaki na yawo. Ɗan baffana ya yi sallama, ya sauke damin a ƙofar wani dattijo. Na tsaya ina jiran a ci gaba da tafiya. Ya ce min ai mun iso.

Ashe 'yan dawan nan mutane ne kamar mu. Na zauna a ƙasa. Dattijon ya miƙo min hannu, na ga fatar tun daga wuyan hannu har kafaɗa a tattare take, tsohon ƙuna. Da ya ji ni jikan wane ne, ya yi min maraba kamar baƙon kirki, ya sa aka kawo ruwa. Na kasa sha. Na tambaye shi yadda abin ya faru, ya ba ni a taƙaice, ba ɗaga murya. Su mafarauta ne, iyayensu na zaune a wancan wuri tun zamanin da yaƙi ya watsa garuruwan dajin. Kaka ya zo da mutanensa, ya ce su tashi, suka ƙi. Ran da maza suka fita farauta aka sa wa busasshiyar ciyawa wuta ta bayan bukkoki, da rana tsaka, iska na kaɗawa.

"Ina yaro sa'annan. Na koma ɗauko ƙanwata, ban kai gare ta ba," ya ce. "Kakanka da ya ga ajali shi ya bar wasiyyar damin ga. Muna amsa, don ƙasarmu ta haihe shi."

Abokina, da bakinsa ba ya riƙe magana, ya gaya masa zancen littafin da zanen da na yi. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya shafa kansa ya ce in duba da kyau ko ƙahon ya fito. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

A hanyar komawa ban ga komai ba, ban san ma mun wuce jandarma ba. Gwaggo ba ta tambaye ni ya wa'azi ba. Washegari muka samu lori cike da gyaɗa, muka hau can ƙololuwa, rassan itatuwa na marinmu har Katsina.

Tafiyar nan ta koya min in riƙa tsayawa duk inda littafi ya ce wuri babu kowa, in tambayi wa ya ce. Na yage zanen. Amma alkawarin yara na nan, kuma ban ga yadda zan sa sunan Kaka a bango ba tare da izinin mahaifina ba. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga, na durƙusa na zayyana masa duk abin da na gani, ina lallaɓawa kada in karya masa zuciya da labarin ubansa. Bai ɗago kai ba har na gama.

"Yaron nan yana nan da rai ashe," ya ce. "In za ka rubuta, ka sa sunana kusa da na kakanka. Ni aka ba bakin wutar na kai, don na fi kowa gudu."