Ba Malam Ya'u Ne Ya Kayar Da Ku A Riɗin Bana Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne shugaban tujjar, manyan 'yan kasuwa, na kasuwar amfanin gona ta Gadarif, mai sito sha biyu da lori takwas, kuma na umarta a karanta wannan takarda a zaman makoki kowa yana ji.

Ranar Juma'a, sha huɗu ga Safar 1431, Allah Ya karɓi ran Malam Ya'u dillali.

Malam Ya'u, shekara talatin kana zama a bencinka na ƙofar kasuwa tun hantsi, ƙananan 'yan saro suna zagaye da kai kafin a buɗe gwanjo. Ba ka da rediyo. Taɓon ƙafar lorin da ya fito daga gonakin Simsim kake dubawa, ka tambayi kuɗin buhu wanda ba komai a ciki, ka tauna riɗi, sannan ka ce, "Yau a sayar," ko "Yau a zauna a sha shayi." Kai ka koya wa talakawa arbun: mutum ya ba mai kaya ɗan kafin alƙalami, a riƙe masa buhuna a farashin yau har mako biyu. In kaya ya hau ya ɗauka, in ya faɗi ya bar abin da ya bayar. Kullum kana cewa, "Kada ka ba da arbun ɗin da zai hana tukunyarka tafasa." Ko yaron banzan nan mai zuba maka gishiri a shayi, sai ka shanye ka ce, "Ya walad, kai yaro, gobe ka ƙara sukari."

Sai kakar bana. Da safe ka ce an rufe iyakar Gallabat, 'yan ƙwadagon Habasha ba za su shigo yankan riɗi ba, zai bushe ya zube a gona, farashi zai tashi. Kowa ya ba da arbun. Inna Hajo, da ke riƙe da marayu huɗu, ta sayar da awakinta ta bayar. Kwana uku, ga 'yan ƙwadago lori-lori, riɗi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi. Aka ce tujjar ne suka saye ka. Bencinka ya zama kai kaɗai, wata uku, ba ka kare kanka ba har ciwo ya kwantar da kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba iyalinka, Inna Batulu da Amani, haƙurin rashi.

Jama'a, ba ni da sito, ba ni da lori. Salihu ne ɗan Atine, mai gishirin shayi. Da sunana na sa, da kun ce wani shaƙiyancin ne ku yaga. Ni na ce wa Malam Ya'u daga Gallabat nake, da idona na ga sojoji sun rufe hanya. Ko garin Basunda da ke kafin can ban taɓa zuwa ba. So nake in ga ya ruɗe in yi dariya. Da abin ya ɓaci na je masa, ya ce, "Rufe bakinka, kai kake da sauran zama a kasuwar nan."

Baffa Ya'u, na rufe bakina har aka binne ka, ba zan iya ci gaba ba. Inna Hajo, zan zo ƙofar gidan makoki bayan la'asar. Duk wanda ya daina gaishe da Malam Ya'u, ya same ni a can.